Ban Haƙuri Kan Fitilar Murja

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Tun ranar da council, wato hukumar birni, ta sallame mu, mu akantocinta, da sunan tsuke bakin aljihu, na ɗau alkawarin rubuta abin da kowace rana ta zo da shi, don kada tarihi ya yi asarar Malam Gidaɗo kamar yadda birnin Manchester ya yi. Yau tarihi bai samu komai ba. Na gyara shafin barkwancin da nake aika wa jarida a Kano, na sha shayi, na leƙa ta taga na tabbatar unguwarmu Whalley Range tana nan inda na bar ta jiya.

Talata, 4 ga Fabrairu, bayan la'asar

Murja ta zo daga flat ɗinta na Hulme, ta zauna ba ta ko cire kot ba. Ita kaɗai Allah ya ba mu, ni da Hajiya Turai, kuma shekarun nan duk ta ƙarar da su a kan wani wasan waya da ta ƙera da hannunta. A cikinsa wata yarinya ce take zagaya kasuwar dare da fitilar ƙwai tana kunna wa masu tuyar ƙosai wuta, iska na neman kashe mata, mai wasa yana kāre harshen wutar da babban yatsa. Ta sa masa suna Little Lantern, wato 'Yar Fitila. Mutane sun fara saye, har an ba ta rumfa a babban baje kolin wasanni da za a yi a Birmingham tsakiyar watan gobe.

Yau ta zo da takarda daga lauyoyin wani ƙaton kamfanin wasanni. Sun ce kalmar Lantern tasu ce, sun yi mata rajista saboda wani wasan yaƙi da suke da shi. Ta cire nata daga kantin manhajoji, ta sa hannu ba za ta ƙara ba, ko su haɗu a kotu.

"Su suka ƙirƙiro fitilar?" in ji Turai.

"Ba fitilar ba, Mama. Kalmar."

"To kalmar su suka haife ta?"

Na karanta labarin daulolin da suka ce teku nasu ne, da sarakunan da suka hana talaka dafa gishiri, da wanda ya sa wa tagogi haraji har mutane suka toshe nasu da bulo. Amma mai kalma ban taɓa cin karo da shi ba sai yau. Na fara bayyana wannan, Murja ta katse ni.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Na samu lauya, Alice, kyauta take yi mini. Ta ce barazanar ba ta da ƙarfi, amma kada kowa ya ce musu uffan. Kada ka rubuta komai. Kada ka yi komai."

Na ce, ni? Ni da shiru muka tashi unguwa ɗaya.

Laraba, da safe

Na kunna fitilar banɗaki, na tsaya ina jiran lauya. Bai zo ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, bayan masallaci

Murja ba ta cin abinci. Turai ta kai mata tuwo ranar Laraba, jiya ta tarar da kular yadda ta ajiye ta.

Na tsaya da Dakta Halliru a bakin masallaci. Likitan unguwa ne a Ardwick, abokina tun muna makarantar kwana, mutumin da bai taɓa jin matsala ya kasa rubuta mata magani ba. Na ba shi labari a taƙaice, wato har aka kulle masallacin.

"Gidaɗo," ya ce, "mutanen nan takarda suke yi wa faɗa. Sun ga fuskar wani? An je an zauna da su?"

Ba a je ba. Kuma a nan ne na ga ramin da duk ilimin Alice bai cike ba. A gida, idan yaro ya samu saɓani da babban mutum, iyayensa ba sa tsayawa binciken wa ke da gaskiya. Riga suke sawa, su nemi dattawa biyu, su je su zauna, su ce laifin namu ne. Shi kuma babban, ganin an girmama shi, dole ya ce ya wuce. A sha ruwa, a tashi. Na ga wannan ta raba rikicin gona, ta dawo da ɗalibi makaranta, ta fito da direba daga hannun 'yan sanda. Murja ta ce kada in rubuta, kada in yi komai. Gaisuwa kuwa ba rubutu ba ce, kuma a fahimtata ba ta kai a kira ta komai ba.

Litinin, da yamma

Na sayo dabino mai kyau a Rusholme. Injiniya Rabi'u, wanda tun kafin a haifi Murja yake zaune a Birmingham, garin da ofishin lauyoyin yake, ya yarda ya zama na uku. Na gaya wa Turai za mu je duba shi ne, ƙafarsa tana damunsa. Ƙafar tana damunsa kuwa, na tambaya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, bayan magariba

Rana ce da ta cancanci a rubuta ta da ruwan zinariya, amma biron da ke hannuna shuɗi ne.

Mun tafi a motar Dakta. Muka tarar da Injiniya a ƙofar ofishin lauyoyin, wani dogon gini na gilashi. Babbar riga uku a cikin lif ɗaya abin kallo ne. Ƙofar ta kama hannun rigar Injiniya ta buɗe, ta kama ta sake buɗewa, sai da wani Bature ya taimaka ya tura masa sauran rigar ciki kamar mai cusa katifa a bayan mota.

Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ce ba mu da alƙawarin ganawa. Dakta ya ce ba komai, za mu jira. Muka zauna. Jira sana'a ce da muka gada. Can sai ga lauyar da ta sa hannu a takardar, sunanta Rebecca, mace mai fara'a ƙwarai. Da ta ji ko su wane ne mu, sai fuskarta ta ƙara haske, ta kai mu wani ɗaki mai dogon tebur, ta sa aka kawo shayi. Ta tambaya ko za ta iya ɗaukar maganarmu a na'ura. Na ce ta ɗauka, ai don a ji ake faɗa.

Na buɗe da tarihin fitila, daga aci-balbal zuwa lantarki, don in nuna mata ba da jahilai take zaune ba. Sannan na sauko kan abin da ya kawo mu, cikin Turancin da na tanada tun a hanya. Na ce yarinya ce. Ta yi kuskure. Laifin namu ne, mu iyayenta, da ba mu tsawata mata ba. Ba za ta sake ba. Dakta ya ce haka ne. Injiniya ya ce haka ne, ya ƙara da cewa a gabansa ta girma.

Rebecca ta ce, "Wato ta san da sunan wasanmu kafin ta zaɓi nata?"

Ban sani ba, gaskiya. Amma wanda ya zo ban haƙuri ba ya jayayya, in ya yi jayayya ya rushe abin da ya zo ginawa. Na sunkuyar da kai yadda ya kamata na ce, "Duk abin da kuka ce ta yi, ta yi."

Ta nemi in maimaita. Na maimaita, har na gyara lafazin. Shekaru ina rubutu, ban taɓa samun mai sauraro da ya riƙi maganata da irin wannan muhimmanci ba.

Ta ƙi karɓar dabino da turare, wai dokar aikinsu ce, amma Injiniya ya ajiye su a bayan tukunyar fure. Da za mu fito ta yi mana godiya, ta ce zuwanmu ya taimaka matuƙa. Dakta ya matso kunnena ya ce, "Ka ji? Ya wuce ke nan."

Mun ci gasasshen nama a Small Heath. Ni na biya.

Lahadi, bayan azahar

Murja ta zo cin abinci, kuma ta ci. Ta ce lauyoyin sun yi tsit, Alice tana ganin sun gane ba za ta tsorata ba. Na ce wani lokaci akwai hannayen da ke aiki inda ido ba ya gani. Turai ta dube ni.

"Malam, murmushin me kake yi?"

Na ce miyar ce ta yi daɗi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da rana

Murja ta kira wayar gida. Ba ni ta nema ba.

Juma'a

Ruwa ake yi. Lafiyata ƙalau.

Asabar, da hantsi

Akwai abin da masana tarihi suka yi sakaci da shi, wato yadda tantabarun Ingila suka fi na gida rashin kunya. Na daɗe ina kallon wata a kan katanga.

Turai ta shigo da takarda ta biyu, wadda Murja ta turo mata. Ba ta zauna ba. Ta karanta mini sakin layi ɗaya da Turancinta na tsohuwar malamar makaranta, kalma bayan kalma: cewa wakilan iyali uku, ciki har da mahaifi, sun zo da ƙafarsu sun amince a gaban shaida cewa an san da sunan kuma da gangan aka ɗauka. Kamfanin ya tura wannan ga kantin manhajoji. Tun ranar Alhamis an sauke wasan Murja. Wanda ya neme shi yanzu ba zai same shi ba.

"Malam, wa ya aike ka?"

Na ce al'amarin yana da tushe a al'ada.

"Na ce wa ya aike ka?"

Na dubi tantabarar.

"Ƙafar Injiniya," ta ce. "Har da addu'a na yi wa ƙafar nan. Kuma turaren da ka kai musu nawa ne, na gane tun ranar, na zuba maka ido in ga gudun ruwanka."

Ta fita. Tantabarar ma ta tashi.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na kira. Wayar Murja ta yi ta ringin.

Talata

Na kira. Lafiyata ƙalau. Tukunyar ɗumama gida tana wani ƙara da ban yarda da shi ba.

Alhamis, da yamma

Edita ya aiko yana tambayar shafin wannan mako. Na zauna in rubuta a kan masu mallakar kalmomi, batu ne da a ce wani ya same shi da na yi masa hassada. Na rubuta jimla ɗaya mai kyau. Na karanta ta, na ji muryar da na yi magana da ita a ɗakin nan mai dogon tebur. Na gaya wa edita mura nake yi.

Asabar, 1 ga Maris, da rana

Na hau bas zuwa Hulme domin in duba yanayin gine-ginen unguwar, wanda na daɗe ina sha'awa. Na duba su daga tsallaken titi. Labulen hawa na biyu a rufe yake. Gine-ginen suna nan lafiya. Na hau bas na dawo.

Talata, 4 ga Maris, bayan azahar

Na je wurin Alice. A da tana aiki a cibiyar ba da shawarar shari'a kyauta ta unguwa, wadda aka rufe a guguwar da ta tafi da ni, yanzu a bayan wani shagon shayi take ganin mutane. Na shirya jawabi. Ba ta ba ni damar fara shi ba, kuma ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo.

Ta ce a gaban alƙali maganata ba za ta ɗaure Murja ba, domin Murja ba yarinya ba ce kuma ba ta wakilta ni ba. Amma kantin manhajoji ba ya jiran alƙali, takarda ya gani ya sauke. Kamfanin kuwa ya san kafin a kai gaban alƙali ƙaramin mutum ya gaji, a kan haka suke cin kasuwarsu. Yanzu sun ƙara buri. Suna so kafin ranar baje koli ta sa hannu ta miƙa musu wasan gaba ɗaya, da zanen yarinyar da kasuwar da komai, su rufe shi a aljihun tebur.

Na ce, me zan yi?

Ta dafa hannuna ta ce, "Don Allah kada ka ƙara taimakawa."

Laraba

Murja ba yarinya ba ce. Na rubuta shi a nan don in ga yadda yake a rubuce.

Juma'a, 7 ga Maris, bayan masallaci

Dakta ya rame. Ya ce tun ranar ko majinyaci ya ce masa na gode sai gabansa ya faɗi. Muka yi shawara. Na bincika duk abin da na karanta, na fiƙihu da na tarihi da na ladubban zama, babi-babi ne a kan haƙƙin uba a kan ɗa, da yadda ɗa zai nemi gafara. Yadda uba zai tsaya gaban 'yarsa ya yi hakan, marubutan sun bar wurin fari, wataƙila tawada ce ta ƙare musu.

Saboda haka na roƙi Dakta da Injiniya su je Hulme a madadina.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan la'asar

Sun dawo. Injiniya tun daga Birmingham ya zo, da ƙafar tasa. Suka zauna a falo suna kallon kafet.

"Ta karɓe mu hannu biyu," in ji Dakta. "Ta durƙusa ta gaishe mu. Ta kawo shayi da biskit."

"Biskit mai kyau," in ji Injiniya.

"Muka ce mahaifinki ya yi kuskure, mu ma mun yi, ba za mu sake ba. Ta saurara har muka gama."

"Sai ta ce me?"

Dakta ya dubi Injiniya. Injiniya ya dubi ƙafarsa.

"Ta ce, Kawu, ku na yafe muku, ku rakiya kuka yi. Amma wannan karon ma an yanke yadda za a yi da ni ba a tambaye ni ba. Ta ce wanda ya iya zuwa Birmingham, Hulme ba ta yi masa nisa ba."

Daga kicin na ji Turai ta ajiye murfin tukunya da ƙarfin da murfi ba ya buƙata.

Litinin

Ban fita ba.

Talata

Ban fita ba. Na goge takalma.

Alhamis, 13 ga Maris, da safe

Na ɗauko babbar riga. Turai ta karɓe ta daga hannuna ta mayar cikin kwaba, ta miƙo mini rigar sanyin da nake sawa in zan fitar da shara.

"Wannan ta ishe ka. Waccan ta yi aikinta."

Alhamis, bayan magariba

Murja da kanta ta buɗe ƙofa. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Ɗakin cike yake da kwalaye, ƙananan takardun talla da ta buga tun kafin rikici, kowacce da hoton yarinyar da fitilarta, da sunan a sama da manyan baƙaƙe. Ga kuma ƙaton kyallen da za a rataya a rumfa, shimfiɗe a ƙasa.

Na tsaya a tsakiyar ɗaki. Jawabin da na tsara yana da gabatarwa da sassa uku. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Murja, ban kyauta ba."

Ta daɗe tana kallon kwalayen.

"Baba, ka san abin da ya fi ba ni haushi? Ba saukewar ba. Na saurari abin da suka ɗauka, Alice ta karɓo. Ka ce duk abin da suka ce na yi, na yi. Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ko na yi ba."

"Kin yi?"

"Ban taɓa jin wasansu ba sai a takardar nan."

Na ce to. Ban san wata kalma da ta fi wannan ba a lokacin, ni da ake biya saboda kalmomi.

Ta ce ba za ta sa hannu ba. Wasan nata ne, ba za ta miƙa shi ba. Alice ta ce ba wanda zai hana ta nuna shi ranar Asabar muddin kalmar ba ta fito ko'ina a rumfar ba, sauran rigimar a yi ta a hankali. Sake buga takardu kuwa ba hali. Ta jawo almakashi biyu daga cikin kofi, ta miƙo mini ɗaya.

"Zauna. Ka yanke sunan, ka bar hoton."

Na zauna a ƙasa, abin da gwiwoyina suka yi Allah wadai da shi. Editoci sun yi fama da ni shekara da shekaru in cire kalma ɗaya daga rubutuna ban yarda ba. Yau na cire kalma ɗaya har yatsana ya yi kanta. Ba mu yi hira ba, ƙarar almakashi kawai. Sau ɗaya ta ce, "Baba, kana cin kan yarinyar," na gyara hannu. Kyallen kuwa ita ta yanke da kanta, ta bar rami mai faɗi a samansa. Da ta gama ta juya baya ta daɗe tana neman wani abu a cikin firij.

Da zan tafi ta ce tana buƙatar mai riƙe mata kaya a jirgin ƙasa na safiyar Asabar.

Asabar, 15 ga Maris, da yamma, a jirgin dawowa

Zauren baje kolin kamar kasuwar da aka haɗa da tashar mota, ga ƙara ga walƙiya. Rumfar Masu Kalmar tana can tsakiya, ta kai girman masallacin unguwa. Tamu tana lungu kusa da inda ake sayar da shayi, tebur ɗaya, waya uku, kujera ɗaya, da kyalle mai rami.

Ramin ne ya riƙa tsayar da mutane. Su tsaya su dube shi, su dubi yarinyar, su ɗauki waya. Na ga wani ƙato mai zane a wuya ya lanƙwashe yana kāre harshen wuta da yatsa, yana cije leɓe. Kafin azahar an yi layi. Ni aikina miƙa takarda, a tsaye, kuma na miƙa ba tare da sharhi ba.

Wata mata mai ɗauke da na'urar ɗaukar magana, 'yar jarida ce, ta ga furfura ta nufo ni. Ta miƙo na'urar saitin bakina ta ce me ya faru da sunan, kuma yanzu me ake kiran wasan.

Na ji tarihin fitila ya taso mini tun daga ciki, da gabatarwarsa da komai.

Na nuna Murja na ce, "Ga mai shi nan. Ita za ki tambaya."

Murja ba ta dube ni ba, ta riga ta fara yi wa matar bayani. Amma ta sa ƙafa ta turo mini kujerar.